Alhaji Tanko Zai Je Caina

Akwati biyu a buɗe a tsakar falo, ga sikelin da aka aro wurin mai dankalin layinsu. Alhaji Tanko na Dilimi ya harɗe a kujera yana ba da umarni da tsinken sakace. (Alhajin nan na gado ne, sunan kakansa ya ci. Iyakarsa Legas.)

SAGIR: Kawu, kilo 31 ya nuna. Jirgin Habasha 23 yake karɓa a kowace jaka.

ALHAJI: Sikelin 'yan dankali kullum sama yake nunawa. Cire takwas na mai sikeli. Nawa ya rage?

SAGIR: 23.

ALHAJI: To ka gani. Zuge zif.

SAGIR: A cire bargon nan dai. Gwanzu, garin da za ka sauka a Caina, a watan Oktoba ta fi Jos zafi nesa ba kusa ba, ga gumi.

ALHAJI: Turai ce babu sanyi?

SAGIR: Ba Turai ba ce, Kawu. Asiya ce.

ALHAJI: Duk ƙasar da jirgi zai kwana a hanya kafin ya kai Turai ce. Bargo na nan.

Hajiya ta shigo da ƙullin kilishi a takardar siminti, da kwalbar man shanu, da yaji a robar Bournvita.

SAGIR: Hajiya, ba sa bari a shiga ƙasarsu da nama. A filin jirgi za su ƙwace.

ALHAJI: Wa ya ce nama ne? Kilishi ne.

SAGIR: Da me ake yin kilishi?

ALHAJI: Da ƙuli-ƙuli. Kai matsalarka boko. Mutanen da ke cin shinkafa da tsinke biyu, kana so in je musu hannu rabbana?

SAGIR: Akwai gidajen abincin halal a unguwar Shawbe, nan 'yan Afirka suke sauka. Har tsohon masallaci akwai a garin, Huaisheng, kuma Musulman can suna ziyartar wani kabari da suke cewa na Sa'adu bin Abi Waƙƙas ne.

ALHAJI: Allahu Akbar. To Sahabi ya je babu biza babu sikeli, ni za a tsare a kan kilishi?

Sagir ya buɗe baki, ya rufe. Digirinsa bai tanadi wannan ba.

SAGIR: Sai maganar agogo. Sun riga mu da awa bakwai. Kana sauka ka tura naka gaba.

ALHAJI: Ban gane ba.

SAGIR: In ƙarfe 5 na asuba ta yi a can, agogonka zai nuna 10 na dare.

ALHAJI: To nasu ne ya lalace. Na san aikinsu, ni nake sayar da shi. Wannan Seiko ne, tun kafin gobarar kasuwar Taminus ta 2002 yake hannuna, ko minti ɗaya bai taɓa ci ba. Su da suka yi gaba su jira mu.

SAGIR: Sallah fa?

ALHAJI: Su yi asubarsu, in yi shafa'i da wuturi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

SAGIR: Jirgin dawowa kuma?

ALHAJI: Jirgi zai tashi ya bar wanda ya biya? Ko motar Filato Raidas sai ta cika.

Nan Hajiya ta ajiye man shanun.

HAJIYA: Ni dai, Alhaji, kana isa ka kira ni bidiyo in ga ɗakin. Har banɗaki.

SAGIR: WhatsApp ba ya aiki a can, Hajiya. Facebook ma haka, har Google. WeChat suke yi, da shi ma suke biyan kuɗi, ko da Alipay.

HAJIYA: Ƙasar da ta ƙera wayar ce babu WhatsApp?

SAGIR: Wallahi.

HAJIYA: Sagiru, ni na goya ka. Nawa ya ba ka?

SAGIR: Haba Hajiya!

HAJIYA: Kwana goma sha huɗu, babu waya, ga sabuwar shadda kala shida an ɗinka. Haka mijin Talatu ya ce zai je Kwatano saro atamfa, ashe a Bukur aka ɗaura.

ALHAJI: Subhanallahi. Baje kolin Kanton zan je, Hajiya. Tun 1957 ake yin sa. Ko ba haka ka ce ba, Sagir?

HAJIYA: Baje koli. Haka ake kiran sa yanzu.

Sallama daga ƙofa. Malam Idi ne, maƙwabci, da takarda a ninke huɗu. Duk wanda ya taɓa cewa zai yi tafiya ya san takardar nan.

MALAM IDI: Ranka ya daɗe, ɗan sautu ne, ba yawa. Batirin sola guda biyu, injin markaɗe, sai waya uku ta yara. In da hali, keken ɗinki.

ALHAJI: Madalla. Kuɗin fa?

MALAM IDI: Ai a can abin banza ne, an ce. Ka sayo kawai, in ka dawo ma yi lissafi. Mu da kai ai ba ta ɓaci.

ALHAJI: Ka san nawa na canji dala jiya?

MALAM IDI: Allah dai ya kyauta. Wayar a samo mai kyamara uku.

Ya fita yana addu'ar sauka lafiya. Addu'ar ita ce kafin alƙalami. Takardarsa ta zama ta goma sha ɗaya a ƙarƙashin faranti.

SAGIR: Kawu, ga adireshin otal na sa an buga da rubutunsu. Garin mutum sama da miliyan 18 ne, jirgin ƙasa ma ta ƙarƙashin ƙasa yake bi. In ka ɓata, ka nuna wa mai tasi.

ALHAJI: In ɓata? Ni da na shiga Alaba na fito da wayata da hulata? Shekara ashirin ina sayar musu da caja da fitila. Ko yaro na tare na ce Alhaji Tanko na Dilimi, zai kai ni wurin mai kamfanin. Ina ma da magana da shi a kan cajar bara.

SAGIR: Da wane yare?

ALHAJI: Ciniki yana da yare? Ya faɗi kuɗi, in ce albarka.

SAGIR: Kai ne mai saye, Kawu. Shi zai ce albarka.

ALHAJI: To ya koya.

SAGIR: Kalkuleta ake miƙa wa juna. Kuma da hannu ɗaya suke ƙirga har goma. Ka ga wannan?

Ya miƙe babban yatsa da ƙaramin, ya lanƙwashe ukun tsakiya.

ALHAJI: Lambar wayata yake so.

SAGIR: Shida ke nan.

HAJIYA: In mace ce ta yi maka haka, ko shida ko sittin, ka ce kana da iyali.

Sai waya ta yi ƙara. Ejan ɗin biza ne, wanda fasfon Alhaji ke hannunsa a Abuja. Alhaji ya miƙe tsaye, ya gyara hula, har da ɗan rusunawa.

ALHAJI: Na'am, yallaɓai... E... A'a, ba komai... Nawa kuma?... To. To. Allah ya kai mu.

Ya zauna a hankali.

SAGIR: Ya fito?

ALHAJI: Ya ce saura ƙiris. Sati mai zuwa.

HAJIYA: Haka ya ce da ƙaramar Sallah.

SAGIR: Da babba ma.

Alhaji ya duba Seiko ɗinsa, ya daɗe yana kallo.

ALHAJI: Sagir, awa nawa ka ce sun riga mu?

SAGIR: Bakwai.

ALHAJI: To a wurinsu satin ya fi kusa. Miƙo min kilishin nan, kada ya yi fumfuna kamar na wancan karon. Bargon kuma kada wanda ya taɓa.