Ranar da na kai shaddata kallon kiɗa a Landan

Tun ina haɗa kaya a Kano uwargida ta sa wa shaddar nan ido. Fara ce ƙal, babbar riga da 'yar ciki da wando, ta sha sitaci ta sha bugu, in ka motsa har magana take yi. Ta ce, "Alhaji, wannan fa ta Sallah ce. Me za ka yi da ita a Turai?" Na ce ai mutum ba ya shiga garin mutane da tsumma. Ta ce, "To, Allah Ya tsare." Ban tambaye ta ni take wa addu'ar ko rigar ba.

Ziyara na je wurin ƙanwata da ke aure a Landan, cikin watan Yuni, lokacin da su suke kira bazara. Bazarar tasu in a Kano ce sanyin safiyar da aka kwana ana ruwa za mu kira ta. Amma ka ga murna! Rana na ɗan leƙowa kowa zai tuɓe ya baje a ciyawa kamar an shanya barkono. Ga yini ba ya ƙarewa. Ƙarfe tara ta wuce kana zaune da alwala kana jiran magariba, rana ta kafe ta ce ba inda za ta.

Autar ƙanwata, wadda ke jami'a a can, ita aka ɗora wa yawo da ni. Wata Asabar ta ce, "Kawu, yau kallon kiɗa zan kai ka, na daɗe da sayen tikiti. Amma bari in gaya maka yadda ake yi." Na ɗaga mata hannu. Ni da na tashi a gidan da masu kalangu ke kwana uku in ana biki, ni za a koya wa kallon kiɗa? Abu ɗaya kawai na nema, a yi min canji na ƙananan takardu saboda liƙi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ƙaramar takardar kuɗinsu fam biyar ce, fam ɗaya ƙwandala ce. Ƙwandala kuwa ba ta zama a goshi. Na karɓi 'yan biyar-biyar guda huɗu, na lissafa su da naira a zuci, cikina ya ɗan juya, na yanke shawarar sai makaɗin da ya yi bajinta ƙwarai zai gani.

Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa muka fito a Waterloo. Wurin sunansa Southbank Centre, a bakin kogin Thames, ɗan taku kaɗan daga ƙaton lilon nan London Eye. Ba gini ɗaya ba ne. Babban wansu shi ne Royal Festival Hall, da aka buɗe a 1951, shekara shida bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin wani gagarumin biki da gwamnati ta shirya don mutanen da suka sha wuya su ɗan sarara. Daga baya aka yi masa ƙanne, Queen Elizabeth Hall a 1967 da gidan nuna zane-zane na Hayward a 1968, su kuma zubin kankare ne tsirara, kai ka ce ɗan kwangila ya gudu da kuɗin fulasta. A gefen babban zauren akwai ƙaton sassaƙen kan Mandela, wanda aka kafa tun 1985 yana kurkuku. Nan na tsaya aka ɗauke ni hoto, don a duk unguwar shi kaɗai na sani.

In bazara ta kama, wurin komawa yake kamar kasuwar ƙauye ranar ci. A ƙarƙashin gini samari na ta sulu a kan katako mai taya suna faɗuwa suna tashi, a ƙarƙashin gadar Waterloo an baje tsofaffin littattafai a tebura, ta baya masu abinci na ta hayaƙi, a saman rufi kuma lambu aka yi. Auta ta ce kusan duk shekara a irin wannan lokaci akwai bikin kiɗan da suke kira Meltdown, tun 1993 ake yi, inda akan ba mawaƙi guda wuƙa da nama ya gayyato duk wanda ransa ke so. Ta ce an ba David Bowie a 2002, an ba Grace Jones a 2022. Na gyaɗa kai kamar tare muka yi makarantar allo.

Duk inda na gifta sai an waiwayo. Shadda na ta ƙyalli, hula zanna ta zauna daram. Wata mata har ta tsayar da ni ta yaba aikin wuyan rigar. Na fara tafiya irin ta hakimai, ina saɓa hannun riga a kafaɗa ko da bai zamo ba.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Uwargida ce, kiran bidiyo. Na ce madalla, bari ta ga abin da shadda ke yi a Turai. Na ɗaga waya sama ina neman inda kogi zai fito a bayana, ina ja da baya, ina ja da baya, har na samu wani fili fetal da ba kowa. Na yi mamakin yadda aka bar wuri mai kyau haka a cikin wannan cunkoso. Na dai lura ƙasan ƙarfe ne mai raga-raga, kuma a jiƙe yake, na ce yayyafi aka yi. Na kuma lura da yara sun kewaye wurin daga su sai ɗan kamfai, suna kallona suna washe baki, na ce kwarjini ne. Baƙo dai ko da idonsa makaho ne.

Ina cewa, "Hajiya, kin ga kogin..." sai na ji fuuu! Ruwa ya taso daga ƙasa ta gabana, ta bayana, ta dama, ta hagu, ya miƙe ya wuce tsawona. Cikin ƙiftawar ido na tsinci kaina a ɗaki, bangonsa huɗu duk na ruwa, ba ƙofa ba taga.

Daga baya na ji ashe aikin fasaha ne. Wani ɗan ƙasar Denmark mai suna Jeppe Hein ya ƙirƙira shi, akan girka shi a farfajiyar in bazara ta zo. Bangayen ruwan tashi suke suna sauka bi da bi, ɗaki ya buɗe nan ya rufe can, wanda ya tsaya tsakiya ya yi haƙuri zai iya fita bai jiƙe ba. Abin da Auta ke ta ƙwala min ke nan daga waje: "Kawu, tsaya! Kar ka motsa! In ya sauka ka fito da gudu!"

Tsayuwar na yi ta. Gudun ne ya gagara. Dattijo da furfura, cikin babbar riga, a gaban jama'a, a ce ya zura da gudu saboda ruwan wasan yara? Da bangon gabana ya sauka sai na gyara hula, na tattare riga, na ɗaga ƙafa cikin natsuwa na taka. Ina daidai kan layin ramukan, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ruwan ya dawo.

Ta ƙasa ya shigo. Babbar riga ta cika ta buɗe kamar laima, hula ta yi sama ta bar ni, wani sanyi ya ratsa ni tun daga inda ba a faɗa har ƙeya. Na ji bakina yana salati da wata murya da ban taɓa sanin ina da ita ba. Gudun da na ƙi yi da mutunci sai ga shi na yi shi ba mutunci, na faɗa ɗaki na biyu, shi ma ya rufe da ni. Yara suka ɗauki shewa. Wani ɗan ƙaramin yaro, bai fi shekara huɗu ba, ya tsinto min hulata ya miƙo da hannu biyu tana ɗiga. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki.

Ƙarfe bakwai da rabi ake farawa, kuma Auta ta ce in an rufe ƙofa sai dai mu jira a waje har a kai gaɓa. Saura minti ashirin. Na shiga banɗaki na tuɓe babbar riga na matse, na kara ta a na'urar busar da hannu, irin wadda in ka ɗan gusa take ɗaukewa. Riga mai yadi goma, na'ura mai bakin da bai fi tafin hannu ba. Turawa biyu suka yi layi a bayana da jiƙaƙƙun hannuwa, ba wanda ya ce uffan. Bature zai iya mutuwa da magana a cikinsa. Sitacin kuwa ya narke ya koma kamar koko, rigar ta manne min a jiki.

Haka muka shiga. Zauren na cin mutum kusan 2,700, jikin bango an jera 'yan akwatunan zama kamar an jawo durowoyi an manta ba a mayar ba, can ƙurya ga bututan wani ƙaton abin kiɗa mai aiki da iska, ogan, da suka ce sun kusa 8,000. Makaɗa sun fi sittin, kowa cikin baƙaƙen kaya kamar zaman makoki. Masu goge sun fi yawa, ƙanana a wuya, manya a tsakanin ƙafafu, wasu sai an tsaya ake goga su. Wani mai 'yar baƙar algaita ya busa sauti guda, sai kowa ya kama nasa, wannan ya ja can wancan ya ja nan. Na saurara da kunnen masani, na raɗa wa Auta, "Gaskiya kiɗan nan bai haɗu ba." Ta ce, "Kawu, ba su fara ba. Saita kaya suke."

Sai ga sarkin kiɗan ya fito. Ba ganga, ba goge, daga shi sai ɗan tsinke. Ya rusuna mana sau ɗaya, ya juya mana ƙeya, bai sake kallonmu ba. A garinmu makaɗin da ya ba masu biki baya ranar ko kuɗin mota ba zai haɗa ba.

Amma fa in za a faɗi gaskiya, da suka fara na manta da jiƙata. Hannuwan masu goge na tafiya tare kamar iska na kaɗa gonar dawa. Kiɗan ya taso a hankali, ya yi ƙasa har sai ka kasa kunne, sannan masu ƙaho suka shigo, mai tambura ya saki hannu, na ji abin a ƙirjina kamar ranar hawan daushe in kakaki ya tashi. Tsikar jikina ta tashi. Ko kiɗan ne ko sanyin rigar, har yau ban raba ba.

Matsalar ita ce shiru. Ban taɓa ganin mutum dubu biyu da ɗoriya sun yi shiru irin wannan ba, ko a sahun Idi. A daidai inda sarewa ɗaya tal ke kuka na ɗan gyara ƙafa, takalmina da ya sha ruwa ya ce cakal. Wata tsohuwa mai farin gashi a hagu ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. Na daskare. Ruwa na bin ƙafar wando yana ɗiga, ina jin kowane ɗigo kamar guduma.

Can kiɗa ya hau, ya hau, ya kai ƙololuwa, aka buga tambura dam! aka tsaya cak. Na ce to, ga inda ake gane ɗan halak. Na ware hannu na zuba tafi, har da "Madalla!"

Ni kaɗai.

Tafi uku na yi, na huɗun ya mutu a hanya, hannuwana suka tsaya a sama kamar mai addu'a. Sarkin kiɗa bai juyo ba, amma na ga ƙeyarsa ta ji. Auta ta zame cikin kujera har ta kusa ɓacewa, ta ce ta cikin haƙora, "Kawu, gaɓa-gaɓa ne, wani uku wani huɗu. Ba a tafi sai an gama duka." Abin da ya fi ba ni haushi, a wannan 'yar tsayawar sai zauren ya kaure da tari, kowa na sakin wanda ya riƙe. Wato an yarda ka yi tari, tafi ne laifi.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na ga mutane na sayen askirim. Auta ta ce ko zan sha. Na dube ta kawai.

Zagaye na biyu zama na yi a kan hannuwana. Aka tsaya sau ɗaya, ban motsa ba. Sau biyu, ko gezau. Sau uku, har na ɗan yi tari don a san na waye. Da aka kai ƙarshe zauren ya fashe da tafi, wasu suka miƙe tsaye, wasu na ihu. Auta ta zungure ni, "Kawu, yanzu ne!" Na ce a'a, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Sarkin kiɗa ya shige ya fito, ya shige ya fito, ya ta da mai sarewa, ya ta da mai tambura, ana ta tafi, ni ina zaune ƙiƙam. Tsohuwar nan ta sake dubana, wannan karon kallon marowaci. Sai da na tabbatar ba tarko ba ne, na zaro hannuwa da suka yi sanyi, na miƙe, na gyara riga, na fara. Daidai lokacin kowa ya daina.

Liƙi kuwa ko hanyarsa ban gani ba. Makaɗan suka kwashe kayansu suka sulale ta ƙofar baya kamar waɗanda ake bi bashi. A jirgi na laluba aljihu, komai ya jiƙe ya dame, har takardar tikiti, ban da 'yan biyar-biyar ɗin nan. Na leda ne, irin naira hamsin ɗinmu, ko a jikinsu.

Sai a daren na tuna ban kashe kiran bidiyon ba lokacin da ruwa ya taso. Uwargida ta ga komai, tun daga tashin hula har salatin, kuma ba ita kaɗai ba ce a ɗakin, ƙannenta biyu sun zo yini.

Da na dawo Kano na aika a kira mai wanki da bugu. Ya warware shaddar a zaure, ya ɗaga ta a haske, ya juya gaba ya juya baya, ya ce, "Alhaji, ambaliya aka yi a Turan?" Kafin in buɗe baki murya ta fito daga cikin gida: "A'a, kiɗa ya je kallo!"

Fam ashirin ɗin ma ita ta tsince su a aljihun 'yar ciki. Ta ce tunda makaɗan ba su samu ba, ita da ke rera labarin a kowane gidan suna ta fi kowa cancanta.