Manhajar ganga mai tsada ba ita ke gyara kiɗa ba

Yawancin samarin da suka haɗa ɗan sutudiyo a ɗaki, a Agege ko Idi-Araba da ke Legas, sun ɗauka wai manhajar ganga mafi girma da tsada ita ce za ta fitar musu da kiɗa mai daɗi. Ba haka ba ne.

Superior Drummer 3, wadda kamfanin Toontrack na Sweden ya fitar a 2017, sautukanta sun haura gigabait 200. Gangunan Turawa ne na gaske aka buga, aka naɗa da makirufo da yawa, kowace ganga daga bugu mai taushi har mai ƙarfi. Ga mai kiɗan coci ko na rok, wannan dukiya ce. EZdrummer da Addictive Drums ma wannan layin suke bi, sai dai sun fi sauƙi ga kwamfuta.

Amma kai da kake haɗa waƙar nanaye ko Afrobeats a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, gajerun sautuka kake jerawa ɗaya bayan ɗaya, kuma waɗanda suka zo da manhajar sun isa ka fara. Abin da ke damuna shi ne a ga yaro ya ƙarar da kuɗin data da na ma'ajiyar kwamfuta (hard disk) a Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta ta Legas, alhali ɗakinsa na amsa kuwwa.

Kalangu kuwa, makaɗi ne ke matse tsirkiya a hammata, muryar ta hau ta sauka. Kira shi, ka kafa makirufo, ka naɗa.