Kafin a ba ka izinin gini sai ka biya kuɗin ruwan banɗaki

Jama'a ni fa wannan abu na kudancin Ingila ya daɗe yana min yawo a kai. Masu kallon ƙwallo sun san Southampton da Portsmouth, to tsakanin garuruwan nan da tsibirin Isle of Wight akwai wani mashigin teku da ake kira Solent. A 2019 ƙananan hukumomin yankin irin su Havant da Fareham da Portsmouth suka tsayar da ba da izinin gina sabbin gidaje cak, saboda sinadarin naitiret, wato wani nau'in naitirojin da ke narkewa a ruwa.

Abin da ke faruwa shi ne takin zamani na gona da ruwan masai duk suna ɗauke da naitirojin, in ya gangara teku sai gansakuka ta samu abinci ta haukace, ta shimfiɗu kore shar a kan laka kamar an baza tabarma, ciyawar ruwa da tsutsotsin da ke ƙasa su mutu, tsuntsayen da ke tasowa tun daga Saberiya su yi hunturu a wurin su rasa abin ci. Bayan wani hukunci da kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2018 kan wata shari'a ta ƙasar Holan, sai hukumar Natural England mai kula da muhalli a Ingila ta ce wa ƙananan hukumomin duk gidan da za a gina sai an nuna ba zai ƙara ko ɗigon naitiret a ruwan ba.

Dabarar da suka ɓullo da ita gaskiya ta burge ni da farko. Havant ta ɗauki gonar Warblington ta fara janye ta daga noma ana maida ita wurin tsuntsaye. Ƙungiyar kare namun daji ta Hampshire ta sayi gonar Little Duxmore a tsibirin a 2020 ta daina zuba mata taki. Sai a lissafa kilo nawa na naitirojin aka rage, a sayar wa mai gini, shi kuma ya kai takarda a ba shi izini. Portsmouth kuwa cewa ta yi bari ta canza famfuna da shawa a tsofaffin gidajen hukuma don a rage ruwan da ke tafiya kwatami.

Amma da na zauna na yi tunani sai na ga ai jaki aka bari ana dukan taiki. Mafi yawan naitiret ɗin nan daga gonaki yake fitowa, wani ma takin da aka zuba shekaru da dama baya ne yake tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙasa sai yanzu. Ga kamfanin ruwa na Southern Water da kotu ta ci tarar fam miliyan 90 a 2021 saboda sakin ɗanyen ruwan masai ba bisa ƙa'ida ba. To ina laifin saurayi da budurwa da ke tara kuɗin gidan farko? Don kar ma wani ya ce kamfanin gini ne ke biya, wallahi ɗan kasuwa ba ya asara, a kan kuɗin gida zai ɗora. Kuma fa duk wannan wahala ba wanke ruwan take ba, kawai dai kar ya ƙara lalacewa ne.

Duk da haka ban goyi bayan Michael Gove, ministan gidaje na lokacin, ba da ya so soke dokar gaba ɗaya a 2023 yana cewa gidaje 100,000 sun maƙale, lokacin abin ya riga ya shafi ƙananan hukumomi 74. Majalisar dattawansu ta yi fatali da shi a watan Satumba kuma ni na ji daɗi, don in an cire wannan takunkumi ba wanda zai sake tuna lakar nan. Abin da nake so a yi shi ne a matsa wa kamfanin ruwa ya gyara injinan tace ruwansa da aljihunsa, a sa wa manyan manoma ido kan yawan takin da suke zubawa, ƙaramar hukuma ta daina zama dillaliyar kilo.

Kuma kar mu yi musu dariya, mu da ake haƙa masai a nan a haƙa rijiya taku goma a can, wannan naitiret ɗin dai shi ne yake shiga ruwan da ake dama wa jarirai koko da shi, kuma ban taɓa ganin wanda ya zo daga sakatariya ya tambayi mai gini ina ruwan banɗakinsa zai tafi ba.