Ruwan rake nake zuba wa motata, Yaya kuma yana son komawa CNG

Shekaranjiya da daddare Yaya ya kira ni daga Zariya, bayan gaisuwa da ya iyali ya sanyi sai ya shigo da maganar da ta sa ya kira, wai yana so ya mayar da Sharon ɗinsa ta koma shan gas irin CNG ɗin nan da ake ta yayi, wato iskar gas da aka matse a tukunya, to ni da nake ƙasar waje kuma nake aikin kwamfuta me na gani. Na san dai shawara rabi ce, ɗaya rabin gudummawa ake nema, amma ba komai ai shi ya biya min kuɗin jarabawa lokacin da ba ni da ko sisi. Abin dariyar shi ne a gidanmu duk wanda ya iya kwamfuta to ya iya komai, daga gyaran waya har injin mota. Sai dai wannan karon an dace, don inda nake zaune wato Campinas a jihar São Paulo ta Brazil, maganar me za ka zuba wa mota magana ce ta kullum.

Nan idan ka shiga gidan mai ba kai za ka zuba da kanka ba, akwai ma'aikata kamar dai gida, kuma tambayar farko da yaron zai maka ita ce álcool ko gasolina. Gasolina fetur kenan. Álcool kuwa, to, sunansa ke nan, sinadarin etanol ne da ake tatsowa daga rake. Ranar da na yi suɓutar baki na fassara wa Hajiya kalmar a waya shiru ta yi na ɗan lokaci sannan ta ce, yanzu kai giya kake saye da kuɗinka? Na ce Hajiya mota ce ke sha ba ni ba, kuma ba ya shayuwa ma. Ta ce Allah ya shirya motar. Tun daga ranar ruwan rake nake cewa.

Lissafin da kowa ya haddace a nan, har tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni, shi ne na kashi 70. Etanol bai kai fetur ƙarfi ba, lita ɗaya ba ta kai ka inda litar fetur za ta kai ka, don haka sai ka raba kuɗinsa da na fetur, in ya gaza 0.7 ka sha rake, in ya haura ka sha fetur. A ce fetur 6 etanol 4, ka ga rake ya ci. Daga wajen Afrilu zuwa Nuwamba lokacin yankan rake ne farashin kan sauko, in kaka ta wuce ya ɗaga sai mutane su koma fetur ba tare da wani ya yi zanga-zanga ba. Shi kansa fetur ɗin ma ba zalla ba ne, doka ta sa a gauraya shi da etanol, shekaru ana kan kashi 27 kafin a ɗaga zuwa 30 a 2025.

Mutanenmu suna son su ji labari irin wannan su ce kai ƙasashen waje sun ci gaba, a wuce wurin. Ni kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sai da abin ya wargaje musu tukuna. A 1973 da farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi, Brazil sayo mafi yawan manta take daga waje, ta ji jiki sosai. Mu kuwa lokacin ne kakarmu ta yanke saƙa, ana rabon ƙarin albashin Udoji ana sayen babura da rediyo. A 1975 gwamnatin soja ta Ernesto Geisel ta ƙaddamar da shirin Proálcool, a 1979 Fiat 147 mai shan etanol zalla ta fito, kafin tsakiyar shekarun 1980 yawancin sababbin motocin da ake saya na rake ne. Sai mai ya karye a kasuwar duniya, sukari ya yi tsada, masu masana'anta suka ga gara su yi sukari su fitar waje, gwamnati kuma ba kuɗin tallafi. A 1989 aka wayi gari gidajen mai ba etanol, mutum ga mota sabuwa fil a ƙofar gida ba abin da za ta sha. Wani dattijo a ofis ɗinmu har yau in ya tuna layin da ya bi a shekarar sai ya yi tsaki, na ce masa Baba ai layin mai kam kar ka ba ni labari, a ciki aka yaye mu. Bayan nan mutane suka guji motar rake kamar wanda maciji ya sara ya ga tsumma, shekara goma da wani abu ba mai son jin sunanta.

Abin da ya dawo da ita, kuma nan ne ni abin ke min daɗi, manhaja ce. A 2003 Volkswagen ta fito da Gol mai cin kowanne, fetur ko etanol ko ka gauraya yadda ka ga dama a tanki ɗaya, su suke ce mata flex. Matsalar ita ce ya injin zai san me aka zuba masa, tunda fetur yana son iska kusan kashi 14.7 kan kashi ɗaya na mai, etanol kuma wajen 9 kacal. Ana iya sa na'ura ta musamman a bututun mai ta riƙa ɗanɗanawa amma tana da tsada, motar talaka ba za ta ɗauka ba. Sai injiniyoyin nan suka ce ai akwai sensa a jikin salansa da ma can tana auna iskar da ta rage a hayaƙi, to a rubuta wa ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikanmu ke ce wa biren bos, lissafin da za ta gane daga hayaƙin ko me ke ƙonewa ta gyara yawan man da take fesawa. Ba sabon ƙarfe, kodin ne kawai, wato rubutun manhaja. Wallahi duk lokacin da wani ya ce min aikinmu na masu rubuta manhaja ai wasan yara ne a kan allo, wannan nake tunawa.

Na ma taɓa cin ƙaniyata a kan wannan. Watan Yuli ne, nan kuma lokacin hunturu kenan, tanki ya kusa ƙafewa da fetur na cika shi da etanol a gidan man da ke bakin layinmu, na yi tafiyar minti biyu na faka na kwanta. Da asuba mota ta ce ba ta san zance ba. Makaniken da ya zo yana ta dariya, wai ban ba ta lokaci ta koya ba, in ka canja mai sai ka ɗan zaga da ita kilomita kaɗan kafin ka kashe, ita har yanzu a tunaninta fetur ne a cikinta. Ga wani ɗan tanki ƙarami kamar gorar ruwa a gaban tsofaffin motocin da ake zuba wa fetur don tashi da sanyi, nawa ya bushe ƙaƙaf ban ma san da zamansa ba. Ni mai gyara kuskuren manhaja a ofis, manhaja ta kwantar da ni a gida.

Af, tunda an zo nan, 'yan uwa masu koyon kodin, yaren rubuta manhaja na Lua da yaranku ke taɓawa in suna haɗa wasa a Roblox, asalinsa daga nan ne. A wata jami'a a Rio aka ƙirƙire shi a 1993, kuma don ayyukan kamfanin man ƙasar, Petrobras. Sunan ma wata yake nufi, na sama. Ina nufin kamfanin mai ya ba 'yan jami'ar gida aiki har aka samu abin da duniya ke amfani da shi. Na bar ku ku yi kwatancen da kanku, ni ba na son hawan jini.

To mu dawo kan Yaya. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta bar ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta tsallake dubu, duk direban haya lissafi yake har cikin barci. CNG a kansa ba laifi, gas muna da shi kamar ƙasa, kuma motar da aka juya ba ta rasa tankin fetur ɗinta, maɓalli ne ka danna ka koma. A takarda kenan zaɓi biyu gare ka kamar ɗan Brazil. Amma zaɓin ɗan Brazil a kan famfo ɗaya yake, hannu biyu gefe da gefe a kowane gidan mai har cikin ƙauye. Namu kuwa gidajen gas ɗin sun fi yawa a su Legas da Abuja da Benin, Arewa tsilli-tsilli, kuma bututun AKK mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka fara tun 2020 an sha ɗage ranar gama shi. In za ka ƙona fetur ka je neman gas, ka kwana a layi, fasinja sun hau motar wani, ina ribar? Abin da nake tsoro kenan, kar a maimaita 1989 ɗin Brazil a kan talakan da ya ci bashi ya juya mota, don in mutane suka ƙone sau ɗaya ko kyauta aka ba su ba za su karɓa ba.

Sai maganar tukunya. A Rio tasi da yawa gas suke sha, ka buɗe but ka ga silinda kwance ta cinye rabin wurin, na taɓa rungumar akwatina a cinya daga filin jirgi saboda haka. Amma can duk shekara sai an kai motar an duba an ba da shaida. Gas ɗin nan matse shi ake da ƙarfin da ya kai bar 200 a ma'aunin matsi, ba irin tukunyar girki ba ce da mai walda zai lanƙwasa ƙarfe ya haɗa maka. Wadda ta fashe a wani gidan gas a Benin a Oktoban 2024 ai haɗin gida ce aka ce. Kuma Sharon ɗin Yaya but ɗin nan shi ne rabin cinikinsa, buhunan barkono da kayan 'yan kasuwa, ban san ina zai kai su ba.

Shi kuma raken, ba na cewa mu kwafa ido rufe. Gonakin nan in ka bi hanyar Piracicaba ko Ribeirão Preto sai idonka ya gaji da kore, na manyan kamfanoni ne, kuma tarihinsu ba mai daɗi ba ne, har kakanninmu Hausawa da aka kawo Bahia a matsayin bayi sun yi wahala a yankin rake, sun kuma yi yunƙurin tawaye tun 1807. Mu da ko sukarin shayinmu ba mu iya wadata kanmu ba duk da kamfanonin sukari na Numan da Bacita, ban ga hikimar ɗauke gonar masara a ba mota ba. Tun 2007 aka rubuta manufar gauraya fetur da etanol a Najeriya, tana nan a takarda. Amma duk sanda na ga tirela shaƙe da rake sai na tuna kasuwar Makarfi da mazarƙwailar da Kawu ke kawo mana, zuciyata ta ɗan sosu.

A ƙarshe dai na ce wa Yaya ya yi sati biyu yana rubuta abu uku a littafi, nawa yake kashewa a fetur kullum, awa nawa abokan aikinsa da suka juya suke yi a layin gas, da kuma kuɗin kayan but. Ya ce kai dai ɗan boko ne komai sai an rubuta, turo kuɗin kawai. Na tura rabi, alat ɗin bai shiga ba sai da safe, kafin nan ya kira ni sau huɗu.