Kada a yi gaggawar sallamar jirgin koyo mai injin fistan

Ana ta cewa zamanin jirgin koyo mai injin fistan ya wuce, wai tunda matuƙin soja zai ƙare a jirgin yaƙi mai tsananin gudu, gara tun farko a ɗora shi kan mai injin tabain, wato dangin injin da jiragen yaƙin ke amfani da shi. Birtaniya ma ta karkata can, ta kawo Grob Prefect domin horon farko. Ni dai ban gamsu ba.

Amfanin ɗan jirgin nan yana cikin rashin saurinsa. Injinsa ɗan'uwan na mota ne, gudunsa bai fi kilomita 200 da 'yan kai a awa ba, don haka ɗalibi na da sararin yin kuskure ya gyara. A jirgi irin Super Mushshak na Pakistan, malami na zaune kafaɗa da kafaɗa da shi, yana ganin yadda ya damƙe sandar tuƙi har yatsunsa sun ƙage. Wajen tashi, farfela kan ja hancin jirgi hagu, sai an taka feda da ƙafar dama. Wanda ya manta, nan take jirgin zai tona masa asiri, ba kwamfutar da za ta rufa masa.

Ga kuma kuɗi. Ba duk wanda ya ci jarrabawa ne zai iya tuƙi ba, wani amai kaɗai zai kore shi. Gara a gano haka a jirgi mai araha. Amurka, duk da arzikinta, tana amfani da Cirrus SR20 a kwalejin sojan samanta, Sin na da CJ-6, Turkiyya kuwa ta sayi Super Mushshak 52.

Masu suka suna da hujja, ba na musu. Indiya ta dakatar da jirginta na koyo mai injin fistan, HPT-32, a 2009 bayan haɗurran mutuwar inji, ta koma Pilatus PC-7 mai injin tabain. Amma wannan laifin ƙirar jirgi ɗaya ne. Babbar matsalar ita ce mai: yawancin injinan nan na shan fetur na musamman mai ɗauke da dalma, mai tsada, wanda ba kowane filin jirgi ke da shi ba. Ko nan ɗin an samu mafita, domin Diamond DA40 NG injin fistan gare shi, amma irin na dizal, kuma man da manyan jirage ke sha shi yake sha.