Ramin da Korona Ta Bari a Karatunku

Assalamu alaikum ƙannena masu shirin JAMB, da ku da kuka riga kuka samu gurbi kuna jiran ranar shiga jami'a.

Ku ɗan yi lissafi da ni. Yaron da yake aji ɗaya na ƙaramar sakandare lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, shi ne ya gama sakandare a 2025. Wanda yake aji shida na firamare a lokacin, 2026 ce tasa. Na aji biyar da na huɗu suna nan tafe a baya. Mutane sun ɗauka waɗanda korona ta yi wa illa su ne 'yan ajin ƙarshe na waccan shekarar, waɗanda aka dawo da su makaranta ranar 4 ga Agusta, aka fara musu WAEC ranar 17 ga wata. Lallai sun sha wuya, amma su an riga an yi musu gini, rufi ne ya samu matsala. Ku kuwa a tubalin farko ta same ku.

Daga Maris zuwa Oktoba, kusan wata bakwai kuna gida. An ce ana darasi a rediyo da talabijin, kuma an yi ɗin. To amma wa zai tambayi rediyo idan bai gane ba? A gidaje da yawa ma rediyon ɗaya ne, kuma na Baba ne. Wasunku gona suka tafi, wasu kasuwa, wasu talla. An koma ke nan ba a gama zama ba, sai aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba, aka bi da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, makarantun kwana da dama a Arewa suka sake shan kwaɗo. Da aka dawo sai aka matse zangunan karatu, aka ciyar da kowa gaba. Ajin ya wuce, karatun ajin kuwa yana can inda aka bar shi.

Ba laifinku ba ne. Amma ramin a cikin karatunku yake, kuma babu mai cike muku shi.

Ina koyar da darasin yamma ga masu shirin jarrabawa. Kwanaki na rubuta a allo: rabi a tara da ɗaya bisa uku. Hannuwa suka tashi, amsar da ta fi yawa ita ce biyu bisa biyar. Sun tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Cikin masu wannan amsa har da wani yaro mai kiredit a lissafi, likita yake son zama. Na ce masa, "Kai, in ana bin ka rabin naira 600, aka ƙara da kashi ɗaya cikin uku nata, nawa za ka biya?" Ko numfashi bai ja ba ya ce 500. Na ce, "To biyu bisa biyar ɗin 600 nawa ne?" Ya yi shiru, can ya ce 240, ya kama dariya yana rufe fuska. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, a kasuwa babu mai cutarsa ko sisi. Darasin ne aka yi shi, ko aka tsallake shi, a shekarar da yake gida, tun daga nan kuma yake ta haddace hanyoyin da bai san tushensu ba.

Haka Turanci. Sai ka ji yarinya ta karanta sakin layi tiryan-tiryan, ba gargada, ka ce ta rufe littafin ta faɗa maka da Hausa abin da aka ce, sai ido.

Irin wannan rami yana iya ɓuya a sakandare, musamman inda ake kawo amsa har cikin ɗakin jarrabawa. Abin da ya fi damuna da korona ma ke nan: ta koya wa yara, da iyayensu, cewa ana iya wucewa ba tare da an iya ba, shi ya sa neman satar amsa bai zama abin kunya ba a wajen wasunku. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu a gaban kwamfuta, 60 daga ciki na Turanci. A 2025, cikin kimanin mutum miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba a sakamakon farko. Ban ce korona ce kaɗai ta jawo ba, domin hukumar da kanta ta amsa cewa an samu tangarɗar na'ura a Legas da Kudu maso Gabas, har aka sake wa wasu. Amma mu da muke tsaye gaban allo mun san abin da muke gani.

In ma ka tsallake JAMB, jami'a ba ta waiwaye. Za ka shiga zauren lacca da ɗaruruwan mutane, malami ya yi awa biyu ya tattara takardunsa ya fita. Ba zai tsaya koya maka lissafin bisa, irin su ɗaya bisa uku, ba kafin ya shiga lissafin aji ɗaya na jami'a, kuma lissafin kimistiri kusan duk a kan wannan bisa ɗin da rabo yake tafiya. Maki kuwa taruwa yake yi tun daga zangon farko, kariyoba, wato darasin da ka faɗi, ta bi ka zuwa aji na gaba, in abin ya yi ƙasa sosai a yi maka gargaɗi, daga nan a sallame ka. Na ga waɗanda aka yi wa walimar samun gurbi, bayan shekara biyu suka dawo gida suna cewa malamai ne suka tsane su.

To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka samo tsofaffin tambayoyin JAMB na shekara ɗaya, ka ba wani wayarka ya riƙe, ka sa agogo awa biyu, ka yi su kai kaɗai. Kada ka tsaya kan makin da ka ci; duba waɗanda ka faɗi, ka bi kowacce a baya har ka iso inda ƙafarka ta fara zamewa. Sau da yawa za ka tarar a littafin aji ɗaya ko aji biyu na ƙaramar sakandare take. Ka sauka can ɗin. Wata biyu na gaskiya a kan waɗannan littattafai ya fi maka shekara guda kana haddar amsoshi. Turanci kuma shafi ɗaya kullum, ka rufe, ka rubuta abin da ka gane da kalmominka. Ke da kike tsakanin girki da raino, awa ɗaya bayan Asuba ta ishe ki somawa, in dai ba kya fashi.

Wanda ya auna kansa ya ga ramin da zurfi, sharar fage ba faɗuwa ba ce. Akwai makarantar sharar fage ta Jami'ar Ahmadu Bello a Funtuwa, akwai IJMB, shirin karatu na share hanyar shiga jami'a, akwai irinsu a jihohi. Ku kuma masu jiran kira, kada zaman jiran ya tafi a majalisa da TikTok. Yayyenku sun yi zaman wata tara a yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020, suka ƙara wata takwas a 2022. Ku tambaye su yadda karatu yake gudu daga kan wanda ya ajiye shi.

Yaron nan mai biyu bisa biyar ya dawo bayan mako guda da littafin lissafin ƙanwarsa ta aji biyu, ya naɗe bangon da tsohuwar jarida don kada abokansa su gani. Na ce ya cire jaridar. Bai cire ba, amma ya kai babi na huɗu, kuma jiya na ga biyu daga cikin abokan nasa sun ja benci kusa da shi.