Yaranmu sojoji suna mutuwa a daji, ina sunayensu a garuruwanmu?

Duk wanda ya taɓa shiga cikin garin Lokoja, ba wai ratsewa kawai a mota a kan hanyar kudu ba, in ya bi titin Murtala Muhammed zai ga wani tsohon gini na tunawa da sojoji, ga tsofaffin bindigogi a girke ga alluna ɗauke da sunaye. Turawan mulkin mallaka ne suka yi shi saboda sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na farko, waɗanda aka tura Kamaru daga 1914 zuwa 1916 suka gwabza da Jamusawa a su Garwa da Mora, ana gamawa kuma aka sake loda wasu a jirgin ruwa sai gabashin Afirka, inda aka yi musu mummunar ɓarna a Mahiwa cikin watan Oktoban 1917. Akwai irin wannan gini a Zariya da Ibadan da Kalaba. A wancan lokacin in za a rubuta soja sunansa ake sawa a liƙa masa garinsu, wane Kano, wane Katsina, wane Bauchi, to ka ga ko ba komai mai karantawa zai san daga ina uwarsa ta sallame shi. Masu mota da 'yan kasuwa na ta wucewa ba mai ɗaga kai, amma dai sunayen na nan, shekara sama da 100 da mutuwar masu su.

Abin da ke ci min rai kenan. Bature da ya zo ya ci ƙasarmu da yaƙi ya iya sassaƙa sunan wasu daga cikin kakanninmu a dutse, mu kuma yau shekara fiye da 15 muna binne yaranmu a yaƙin Boko Haram da na 'yan bindiga, amma ka shiga garinku ka zagaya, daga sakatariya har tashar mota, ka nemo min bango ɗaya da aka rubuta sunan 'yan garin da suka mutu a bakin daga.

A layinmu akwai wani yaro, da shi aka yi ta buga ƙwallo a filin firamare, ya samu shiga soja ya dawo hutu sau biyu ko uku da kakinsa kowa na ta sa masa albarka, na ƙarshe har ya canza wa mahaifiyarsa kwanon ɗaki. Wata rana da la'asar aka bugo waya. An riga an yi masa sutura can arewa maso gabas tare da 'yan uwansa, kuma hakan daidai ne a addini don ba a ajiye gawa, sai dai fa a gida abin da aka samu shi ne tabarma a ƙofar gida kwana uku, aka yi addu'a aka watse. Mahaifiyarsa har yau ba ta san inda kabarinsa yake kallo ba. Ya bar mata da ɗa guda, yaron yanzu ya isa shiga makaranta, kuma in ban da hoton da ke wayar kawunsa babu wani abu a duk faɗin garin da ke nuna an taɓa yin ubansa, balle a ce saboda mu ya mutu.

Za a ce ai akwai ranar tunawa da 'yan mazan jiya. E akwai, duk 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Shugaban ƙasa ya ajiye furanni a Abuja, gwamnoni su ajiye a jihohinsu, a harba bindiga a saki tantabaru a yi fareti, 'yan Nigerian Legion, wato ƙungiyar tsofaffin sojoji, su sayar da bajo. Ban raina wannan ba wallahi, tsofaffin sojojin nan da ke fitowa da lambobinsu a ƙirji ranar su ce kuma sun cancanta. Amma furannin a gaban sojan da ba a san ko wane ne ba ake ajiyewa, alhali namu an san su, an san gidansu, an san ubansu. Manyan hafsoshi kam sunansu na fita, kowa ya ji labarin Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016, mutane suka yi kuka na gaske, kuma ya cancanci fiye da haka, to amma ba shi kaɗai ya faɗi a daren ba, su waye sauran? Harin Metele a jihar Borno na Nuwamban 2018 har yau adadin sojojin da suka mutu ma ana saɓani a kai. A Nijar an kashe soja 71 a Inates cikin Disamban 2019, ba a rufa wata guda cur ba sai ga 89 a Cinagodar, lamba ce ta zauna a kan mutane, 71, 89, kamar lissafin buhuna. Da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta a Maris ɗin 2024 hedikwatar tsaro ta fitar da sunayensu da hotunansu ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya gani ya san yadda abin ya taɓa zuciya daban, saboda fuska ce da suna. Hakan ya kamata a riƙa yi kullum.

Kuma kar yabon da na yi wa ginin Lokoja ya sa a ɗauka Turawa adalci suka yi mana, a'a. A watan Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto da kanta, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, galibinsu 'yan Afirka, da suka mutu a yaƙin farko ba a rubuta sunansu ko'ina ba ko kuma ba a tuna da su ba sam, har ministan tsaron Birtaniya na lokacin Ben Wallace ya ba da haƙuri a majalisa. A cikin rahoton an kawo maganar gwamnan Gold Coast, wato Gana ta yanzu, a 1923, wai baƙar fatar ƙasar ba zai gane amfanin dutsen kabari mai suna ba balle ya ga darajarsa. Raini ne tsantsa. To abin da nake tsoro shi ne shirun da muke yi yau ya zama kamar muna gaskata shi.

Dubi 'yan Bama ma, wato sojojinmu da aka kai ƙasar Myanmar ta yanzu a yaƙin duniya na biyu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka shiga dazukan Kaladan da Arakan suka yaƙi Japanawa har suka kama Myohaung a Janairun 1945. Sunayen wuraren sun dawo gida sun zama sunan bariki, Dalet a Kaduna, Myohaung a Legas, ga barikin Chindit a Zariya mai sunan rundunar da 'yan Nijeriya suka shiga a 1944, amma sunan waɗanda suka mutu ba a ga gawarsu ba yana can a bangon maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000. Jikan wa zai je Myanmar ya karanta?

Na san abin da wasu malamai da dattawa za su ce, kuma maganarsu abin saurare ce. Mu ba ma gunki, ba ma gini a kan kabari, ba ma ruƙu'u ga dutse. Na yarda ɗari bisa ɗari, ni ma ba mutum-mutumin soja riƙe da bindiga nake nema a shataletale ba, kuma ba kabari nake cewa a yi ba. Rubutu nake magana, suna da sunan uba da unguwa da inda ya rasu da shekara, shikenan. Ajiye suna ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, malaman tarihin Musulunci sun rubuta sunayen mutum 14 da suka yi shahada a Badar da 70 na Uhudu, ɗan makarantar Islamiyya ya san Sayyidina Hamza ya san Mus'ab bin Umair, don wasu sun zauna sun kiyaye ne ya sa muka sani. Wanda ya ga sunan Musulmi ya ce Allah Ya jiƙansa, Kirista ya ga nasa ya yi masa addu'a yadda addininsa ya koyar, don a rami ɗaya suke kwana, ɗan Zuru da ɗan Langtang da ɗan Daura da ɗan Biu, harsashi bai tambayi kowa addininsa ba. In ma bangon ne ake ƙyama to a gina aji biyu ko a haƙa borehol a manna allon a jiki, ya zama sadaka mai gudana gaba ɗaya, ni hakan ya ma fi min.

Akwai kuma masu ciwon soja a zuciya, kuma ba ƙarya suke ba. Mutanen Tudun Biri da jirgi maras matuƙi ya kashe suna Mauludi a Disamban 2023, da 'yan Shi'a da sojoji suka kashe a Zariya a Disamban 2015, waɗannan haƙƙi ne da ba ya faɗuwa, su ma sunayensu na buƙatar a rubuta kuma a bi musu kadi. Amma kurtun da ya taka nakiya a hanyar Damboa yana da shekara ashirin da 'yan kai ba shi ya ba da waccan oda ba, bai kamata a biya bashin wani da sunansa ba. Kuma in za a yi a haɗa da 'yan sanda da 'yan Civilian JTF da 'yan sa-kai da mafarauta, don a ƙauyuka da yawa su ne suka fara tarar wuta.

Tsorona ɗaya kar abin ya koma kwangila, a ware miliyoyi a sa tayil a kafa hoton ciyaman ya fi sunayen girma. Shi ya sa nake ganin aikin 'yan gari ne. A Faransa da wuya ka shiga ƙauye ba ka ga irin wannan dutse a tsakiyar gari ba, kuma akasari mutanen garin ne suka yi karo-karo bayan 1918. Mu da muke da masu unguwa da dagatai da hakimai ai abin ya fi mana sauƙi, mai unguwa ya san duk gidan da aka yi zaman makokin soja. Ƙungiyar ci gaban gari ta ɗauki littafi ta bi gida gida, ta nemi izinin iyalai, ta tantance da ofishin 'yan Legion na ƙaramar hukuma, a littafin nan kuma a rubuta matan da aka bari da marayu nawa ne da ajin da suke, don in azumi ya zo ko lokacin biyan kuɗin makaranta a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Buhun siminti kaɗan ne da bulo da mai rubutu mai kyakkyawan hannu, a bar fili a ƙasa saboda yaƙin bai ƙare ba. Mu a unguwarmu mun fara lissafi, kuma sunan yaron nan mai buga ƙwallo shi ne na farko a littafin.